Sandar Awon Mai

Allurar mai ta mutu tun ina aji uku,
Baba Ilu bai kai ta gyara ba.
Reshen darbejiya ya yanko a ƙofar gida,
ya feƙe shi, ya yi masa tsaga tara,
kowace tsaga lita biyar.
Da asuba, kafin ya taɓa makulli,
sai ya ɗage kujera, ya kwance murfi,
ya zura, ya zaro, ya ɗaga sama
yana ƙanƙance ido kamar mai neman jinjirin wata.

Tanki biyu gare ta, Landirobar nan:
ɗaya ƙarƙashin direba,
ɗaya ƙarƙashin mai zaman banza.
Lita casa'in in duk sun ƙoshi.
Da su yake barin Gwammaja ran Litinin,
bayan mota cike da sifana da bututun famfo,
ya dawo Alhamis da taɓo har gilashi,
da ƙwan zabi, da saura tsaga biyu a tankin hagu.

Akwai littafi a aljihun ƙofa,
bangonsa ya sha baƙin mai har ya yi santsi.
Kan kwalta, lita ɗaya, kilomita shida.
Cikin rairayi, huɗu.
In an jefa ta giyar taimako, ƙafa huɗu na haƙa,
nan bai sa lamba ba.
Ya dai rubuta: Allah ya kyauta.

Yau ni ke riƙe da makullin.
Yaron gidan mai ya leƙo, ya ce na nawa,
na faɗa masa ƙasa-ƙasa
kada mai adaidaita sahun da ke bayana ya ji.
Famfo bai gama gyaran murya ba ya tsaya.
Na ji man ya faɗa ciki, ƙwal,
kamar tsakuwa a tsohuwar rijiya.

Daga nan zuwa Ƙofar Mazugal cunkoso ne,
tana tsaye tana sha,
ba ta tafiya, tana sha.
Ina kashe ta a gangare kamar ɓarawo,
in bar ta ta sulale,
ina lissafi da yatsu a kan sitiyari.

Sallau na Ƙofar Ruwa ya busa kafireto,
ya tofar, ya goge baki da hannun riga.
Ya ce, ba ciwo gare ta ba, haka aka haife ta,
lokacin da galan bai kai kuɗin kwanon tuwo ba.
Raƙumi ka gada, kana ba shi ruwa a ludayi.
Tankin hagu kuwa tsatsa ta yi gida,
cire shi, ko ka kira 'yan gwangwan su auna ta gaba ɗaya.
Na ce zan yi shawara.
Shekara uku ke nan ina shawara.

Daren da ruwa ya cika layinmu a Agusta,
motar Malam Jatau ta nutse har ƙofa,
matarsa a ciki da jariri ɗan kwana tara.
Na ɗaura igiya, na ja jan sandan nan baya,
ta yi gurnani irin na da,
ta tsamo su har bakin masallaci.
Da safe na auna.
Tsaga guda ta tafi, kuɗin cefanen kwana biyu.
Ban san a wane layi zan rubuta shi ba.

Sandar na nan bayan kujera.
Ƙasanta baƙi ƙirin, tsaga biyu,
daga nan zuwa sama ta bushe ta yi fari.
Jiya Hansai ta ɗauko ta tana ƙirgawa,
ta ce, Baba, waɗannan na saman na mene ne?
Na ce, na kakanki ne.
Mayar da ita, kada ta karye.